Wanda Ya Yi Sara Da Wanda Ya Yi Fami

Akwai wata kalmar Turanci da ta zama ruwan dare a takardun gwamnati da rahotannin ƙungiyoyin agaji da jaridun Turanci, har ma da kundayen digiri da yayyenmu ke rubutawa, wato "exacerbate". In ka tambayi ɗan boko ma'anarta, zai ce maka ai ba wata wahala, ƙara wa abu muni ne. In kuwa ka kunna rediyo da sassafe, za ka tarar an riga an ɗinka mata riga da wando da Hausa, ana ce mata "ya ƙara ta'azzara". Fari ya ƙara ta'azzara yunwa, damina ta ƙara ta'azzara kwalara, tsadar mai ta ƙara ta'azzara talauci, haka dai kullum kamar karatun allo. Ƙorafina a wannan takarda shi ne, kalmar nan ba baƙuwar kirki ba ce. Akwai wata dabara da take ɓoyewa cikin kayanta, mu kuma da muke taƙama da nazarin Hausa mun buɗe mata zaure, mun shimfiɗa mata tabarma, ba wanda ya ce ta kwance ƙunshin mu gani.

Bari mu fara da asalinta. Ba haifaffiyar Ingila ba ce. Daga Latinanci Turawa suka aro ta a ƙarni na 17, saiwarta kuwa ita ce "acerbus", wato abu mai ɗaci ko bauri, irin na ɗan itacen da aka tsinka bai nuna ba. Hoton da ke cikinta ke nan, a ƙara wa mai ɗaci ɗaci. Tana da wata yaya da ta riga ta shiga Turanci da fiye da shekara 100, wato "aggravate", ita kuma saiwarta "gravis", ma'ana nauyi, wato a ƙara wa mai kaya kaya. Talakan Ingila da bai san Latinanci ba yana da nasa "make worse", kuma bai taɓa gaza shi ba. Abin da ya faru shi ne, tun da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Turanci ya zama kamar gidan bene. Kalmomin gida suna ƙasa wajen murhu da turke, na Faransanci da Latinanci suna sama wajen alƙali da likita da malamin coci. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, don haka Larabci ya zauna a harshenmu. Akuya mutuwa take yi, babban malami kuwa sai a ce ya yi wafati.

Ita yayar tata, "aggravate", ta sha rigima a hannun masu ita. Tun a ƙarni na 17 Turawa suka fara amfani da ita da wata ma'ana ta daban, wato ɓata wa mutum rai ko ƙure masa haƙuri, kuma marubuci kamar Charles Dickens bai ƙyamaci wannan ma'ana ba. Amma malaman nahawu suka ce atafau ba su yarda ba. H. W. Fowler, a ƙamusunsa na ƙa'idojin Turanci da ya fito a 1926, ya yi tir da ita, ya ɗauke ta maganar marasa ilimi. Mutane ba su saurare shi ba, har gobe Bature na cewa maƙwabcinsa ya yi masa haka in ya dame shi. A kotu ne kawai da asibiti kalmar ta riƙe tsohon nauyinta sosai, inda ake rarrabe duka na yau da kullum da dukan da aka haɗa da makami, a ƙara wa na biyun hukunci. A ganina, wannan rikicin ma'ana na daga cikin abin da ya sa masu rubutun ofis suka fi karkata ga ƙanwar, tun da ita fuska ɗaya gare ta, ga ta kuma da tsawo da kwarjini a takarda.

Kwarjinin nan ne ke yaudarar ɗalibai. Sau nawa muka ji a muhawarar Turanci wani ya miƙe yana so ya ce abokin hamayyarsa ya harzuƙa shi, sai ya jawo "exacerbate" alhali "exasperate" yake nufi? Sun yi kama a kunne, amma ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Ta biyun daga "asper" ta fito, wato kaushi, kuma mutum ake yi wa ita. Ta farkon kuwa ba a yi wa mutum, sai dai ciwo ko rikici ko wata matsala. Wannan ƙaramin kuskure ne, jan biron malami ya ishe shi, ba kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Don kada a ce na yi mata sharri, kalmar tana da aikinta na halal. Likitoci na amfani da ita a kan mai ciwon asma. Mutum yana da ciwonsa tun yana yaro, hunturu ya shigo da ƙura da hazo, sai numfashi ya sarƙe, a kwashe shi zuwa asibiti. Ƙurar ba ita ta sa masa asma ba, in hunturu ya wuce ma yana nan da abarsa. A nan kalmar ta faɗi gaskiya tsantsa, kuma daga nan za mu gane sharaɗinta. Duk wanda ya furta ta, ya riga ya yanke hukunci cewa akwai wata cuta da ta riga ta zauna, wannan da ya zo daga baya ƙari kawai ya yi. Hausa tana da kalmar da ta dace da wannan kamar an auna, ita ce fami. Mai gyambo a ƙafa yana tafiya cikin kasuwa, wani ya taka shi, sai ya ce an fama masa ciwo. Wanda ya taka shi ya yi laifi, amma ba shi ya sare shi ba, kuma ko gaban alƙali aka je ba za a ɗora masa diyyar sara ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Tun da kalmar tana raba mutane gida biyu, mai sara da mai fami, kuma kowa ya san hukuncin mai fami ya fi sauƙi, sai ta zama mafakar duk wanda ke son a rage masa laifi. Ba ya buƙatar ya yi ƙarya. Abin da zai yi kawai shi ne ya nemo wata tsohuwar matsala mai faɗi, wadda ba mai musun tana nan tun kaka da kakanni, kamar talauci ko fari ko jahilci, ya sa ta a matsayin gyambon. Daga nan duk ɓarnar da ya yi da hannunsa ta koma taka ƙafa cikin cunkoso. George Orwell ya yi kuka da irin wannan a wata maƙala da ya rubuta a 1946 kan siyasa da harshen Turanci, inda ya nuna yadda masu mulki ke lulluɓe mummunan aiki da dogayen kalmomin Latinanci. Amma ni ina ganin abin ya wuce tsawon kalma. Ko da gajeriyar kalmar talaka aka faɗa, dabarar na nan, domin a ginin jimlar take, a wajen zaɓen wane ne gyambo, wane ne mai takawa.

Ga misali daga tarihin su Turawan kansu, don kada a ce na tsargi na gida. A 1943 an yi yunwa a lardin Bengal na ƙasar Indiya, lokacin tana hannun Ingila, mutum tsakanin miliyan 2 da miliyan 3 suka hallaka. Abubuwan da suka faru sanannu ne. A 1942 Japan ta kama Bama, inda ake sayo shinkafa. A watan Oktoba na shekarar guguwa ta afka wa gaɓar teku, cuta kuma ta kama shinkafa a gonaki. A wannan shekara dai hukumar mulkin mallaka ta kwashe dubban kwale-kwale da rarar shinkafa daga yankunan bakin teku don kada su faɗa hannun Japan, alhali da kwale-kwalen nan ne masunta ke ci, da su ake kai hatsi kasuwa. Kuɗin yaƙi ya sa farashi ya yi tashin gwauron zabo. Da aka nemi majalisar yaƙi ta Landan ƙarƙashin Churchill ta aiko da jiragen hatsi, abin da ta bayar bai kai abin da aka roƙa ba.

Yanzu ka ba marubuta biyu waɗannan bayanai. Na farko zai ce guguwa da yaƙi suka kawo yunwa, matakan gwamnati suka ƙara mata tsanani. Na biyu zai ce matakan gwamnati suka kawo yunwa, guguwa ta ƙara mata tsanani. Kalmomi iri ɗaya, an sauya musu wurin zama kawai, amma a jimlar farko Allah ne ya kawo, Bature ya yi kuskure, a ta biyu kuwa Bature ne ya yi, iska ta taya shi. Wace ce gaskiya? Ba nahawu ne zai raba wannan gardama ba, sai bincike. Masanin tattalin arziki Amartya Sen, wanda ya ga yunwar da idonsa yana yaro ɗan shekara 9, ya yi lissafi a littafinsa na 1981 kan talauci da yunwa, ya nuna cewa abincin da ke Bengal a 1943 ya fi na 1941 yawa, kuma a 1941 ba a yi yunwa ba. Hatsi na nan, 'yan ƙwadago da masunta ne kuɗinsu ya kasa sayensa. Akwai masu jayayya da alƙalumansa har yau, ba laifi. Abin lura shi ne, sai da mutum ya zauna ya ƙirga buhuna kafin ya sami ikon cewa ga mai sara, ga mai fami. Mu kuwa sai mu karɓi hukuncin a cikin kalma ɗaya, mu wuce.

Ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan? Ruwansa ne, har da tsaki. Yawancin labaran da Bahaushe ke ji a rediyo da Turanci aka fara rubuta su, wani ya zauna ya fassara. Tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, da sauran gidajen waje da na gida da suka biyo baya, mai fassara ya zama shi ne idon miliyoyin mutane da ba su da hanyar komawa ga asalin takardar su duba. Manomi a ƙauye ba zai ce a kawo masa rahoton ya gani ba. Abin da ya ji shi ne abin da ya faru. Su wa ake ɗauka aikin fassarar nan? Mu ne, in mun gama. Saboda haka in muka saba da jefa "ya ƙara ta'azzara" a duk inda muka ga kalmar nan da 'yan'uwanta, mun zama 'yan dakon hukuncin da ba mu san wanda ya yanke shi ba.

Ita ma "ta'azzara" ɗin a duba ta da kyau. Daga Larabci take, kuma saiwarta ɗaya da kalmar "uzuri". Harafin zalun na Larabci ne ya koma "z" a bakinmu, kamar yadda ya yi a zikiri da zunubi da izini da azaba. A Larabce ma'anarta abu ya yi wuya, ya gagara, har mai shi ya sami hanzarin da zai kare kansa. Ashe ba banza ba ta yi wa masu neman mafaka daɗi! A bakin tsofaffinmu kuwa aikatau ƙi-karɓau ce. Cewa ake ciwo ya ta'azzara, al'amari ya ta'azzara, wato shi da kansa ya kai inda ya fi ƙarfin mutane, sai addu'a. Masu labarai ne suka fi mayar da ita so-karɓau don ta ɗauki kayan Turanci. Ban ce wannan haramun ne a nahawu ba. Duk wanda ya karanta tsarin giredin aikatau da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960 ya san Hausa na yin haka ta hanyar sauya karin sauti, kamar yadda "tsananta" ke da fuska biyu. Amma ƙamshin tsohuwar ma'anar bai bar ta ba. In mai sauraro ya ji ta, abin da ke zuwa zuciyarsa shi ne ƙaddara, abin da ba hannun kowa a ciki. Ga Turancin ya riga ya rage wa mai laifi rabin laifinsa, ga Hausar ta zo ta yafe sauran.

Abin baƙin ciki shi ne ba talauci ne ya kai mu ga wannan ba. A wannan fage Hausa ta fi Turancin ofis dukiya nesa ba kusa ba, kuma kusan kowace kalma tamu tana nuna hannu. In ka ce ya dagula al'amari, kowa ya ga mutum ya shiga ruwan da ya kwanta ya tayar da laka. In ka ce ya rura wutar rikici, an ga mai hura wuta da bakinsa, da gangan yake yi, ba tuntuɓe ba ne. In da kyakkyawar niyya ya zo ya ɓata, muna da garin gyaran gira an rasa ido. In masifa ce ta sauka kan wata ba da hannun kowa ba, sai mu ce ana kukan targaɗe sai ga karaya. In an yi canjin da bai amfana komai ba, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. In faɗa ne ya yi zafi da kansa, ya ƙazanta, in sha'ani ne ya cakuɗe, ya rincaɓe ko ya taɓarɓare. Ka ga kafin Bahaushe ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan, dole ya tambayi kansa, da gangan ne ko da kuskure, mutum ne ko ikon Allah, da ma akwai ciwon ko yanzu aka ji shi. Tambayoyin nan su ne kalmar Turancin ke taimakon marubuci ya tsallake. Mun ajiye kwandon da ke tace tsakuwa, mun ɗauki buhun da ke haɗiye komai.

Na san abin da wasu abokaina za su ce. Za su ce harshe rayayye ne, aro ba abin kunya ba ne, kuma mai fassarar labarai minti kaɗan gare shi kafin a kunna masa jar fitila, ba shi da lokacin zaɓen karin magana. Za su ƙara da cewa aikin tafinta ya faɗi abin da aka faɗa, ba ya gyara wa mai magana tunaninsa ba. Ta farkon na yarda da ita, ban kuwa nemi a kori "ta'azzara" daga Hausa ba, ta zauna inda ta dace, a bakin gadon majinyaci. Ta biyun kuwa rabin gaskiya ce. In minista ne ya yi magana, a fassara maganarsa yadda ya yi ta, a kuma ce in ji shi, don mai sauraro ya san hukuncin na wane ne. Amma sau da yawa ba haka ake yi ba. Sai a ɗauko jimlar daga sanarwar ofis, a cire mata "in ji", a karanta ta da muryar gidan rediyo kamar ana faɗin ranar Sallah. Wannan ya tashi daga tafinta, ya koma shaidar da ba a gani da ido ba.

Ku dubi batun man fetur. Ranar 29 ga Mayu, 2023, sabon shugaban ƙasa ya sanar da cewa tallafin mai ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500. In aka ce wannan mataki ya ƙara ta'azzara talauci, ba a yi ƙarya ba, don da ma akwai talauci. Amma an zaɓi gyambo mai faɗi ne don takun ya yi ƙanƙanta. A matso kusa a ce kuɗin mota daga gari zuwa gari, a ce farashin lita, sai ka ga babu wani tsohon ciwo a nan, jiya kaza ne, yau ya ninka. Ko mutum na goyon bayan cire tallafin ko yana adawa da shi, wannan gardama ce ta daban da ke da masu hujja a kowane ɓangare. Abin da nake cewa kawai, a kira matakin da sunansa, shi ya tayar da farashi, sa'an nan a yi muhawara ko tayarwar ta zama dole.

Na Maiduguri ya fi wannan ciwo. Ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa daga madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ya mamaye babban ɓangaren birnin. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, ruwa ya shiga kasuwa da asibiti da fadar Shehu, namun gidan zu suka fita, fursunoni fiye da 200 suka tsere da katangar kurkuku ta faɗi. A nan ma jimla biyu ce a gaban mai fassara. Ko ya ce ruwan sama mai yawa ya jawo ambaliya, ɓallewar madatsa ta ƙara ta'azzara ta, ko ya ce madatsa ta ɓalle ta cinye gari, ruwan sama mai yawa ne ya kai ta ga haka. An yi ruwa ƙwarai a daminar nan, ba mai musu. Amma madatsar an gina ta ne a shekarun 1980 don ta tare ruwa, wannan shi ne aikinta, kuma a 1994 ta taɓa yi wa birnin irin wannan ɓarna. Tsakanin ambaliyar farko da ta biyu shekara 30 ce cur, wadda ta isa a duba bango, a kwashe yashi, a faɗaɗa mafitar ruwa. Ɗalibin da aka ba shi wannan labari a jarrabawar fassara ya rubuta "ya ƙara ta'azzara" ya miƙa takarda, ina roƙon malamanmu su mayar masa da ita, su ce ya nuna musu wanne ne ya riga wani, ruwan ko tsagewar bangon, kuma da wace hujja. A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da kashe Naira biliyan 80 a kan wannan matsala, kuma a kan sake ginin madatsar aka ce za a kashe su.